Turmin da Bai Hau Mota Ba

Unguwar Lado, Zinyau,
ta Rano.
Watan Satumba.

Zuwa ga maigidana, Malam Habila,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, jinin nan ya sauka, ƙafar kuma ta daina kumburi. Yaya Kaltungo, yaya ruwa a wajenku? Ka gaishe mini da ƙanwarka Keziya, Allah ya saka mata da ɗawainiyar da take yi da kai. Ni ma lafiya lau nake, sai dai kewa.

Na koma ga biro da takarda ne domin na gaji da ihu a waya. Ranar nan sai da maƙwabta suka leƙo, sun ɗauka faɗa muke yi, alhali tambayarka nake ko ka sha magani. Kunnen nan naka ya riga ka yin ritaya, Malam. Nasir direba, mai kai gyaɗa Gombe, ya ce zai riƙa miƙa maka saƙona.

Ka ce in yi maza in haɗa kaya, in miƙa gidan mishan ga sabon fasto, in biyo ka kafin sujadar godiya da ekklisiyar gida za ta yi mana a Nuwamba. Ina haɗawa. Amma shekara talatin da ɗoriya ba ta shiga buhu da sauƙi, kome na ɗaga sai na zauna. Jiya a ƙasan akwatin ƙarfe na tarar da ragowar takardun wa'azin da muka zo da su shekararmu ta fari. Ka tuna? Ina yarinya ɗanya, Hausata ta coci ce kawai, na bi gida-gida ina raba wa mata, suna karɓa da hannu biyu suna godiya. Na dawo da murnata na ce maka ƙofa ta buɗe. Ranar kasuwa sai ga shi na sayo daddawa a ƙunshe cikin takardata. Kai ka yi dariya har da hawaye, ni kuwa na shige ɗaki na ce a mai da ni garinmu. Ba wulaƙanci suka yi mini ba, bayin Allah, bokon ne ba su karanta ba, takardar kuma tana da kauri.

Kai dai kana da gindin tsamiya, kana zama da maza kuna hira. Ni fa ba ni da kowa sai sautin daka da ke zuwa mini ta bayan katanga. Wata safiya Bara'atu, matar maƙwabcinmu Malam Isyaku, tana amarya a lokacin, ta leƙo ta kan katangar ta ce Baƙuwa ta zo ta kama mata surfe, in dai hannun ba na riƙon biro kaɗai ba ne. Ga shi yau da furfura a kanmu, har yanzu Baƙuwa take ce mini. Saukar farko taɓaryata ta gwabza da tata, gero ya watse, kaji suka yi biki. Da hannuna ya ɗan faɗa, na ce bari in sa musu waƙarmu ta sujada. Tabɗi! Waƙar nan mai jan ƙafa, kafin a kai ƙarshen baiti hannu ya mutu, dusa tana nan daram. Bara'atu ta ce wannan ai ta rakiyar gawa ce, in ina so a saurare ni, in kawo wadda taɓarya za ta iya bi.

Daga nan fa aikina ya soma. Na sayi turmina na ƙirya a kasuwar Kibiya, ina daka ina ƙirƙira, kai kana zaune a kujerar nan mai igiya kana gyara mini inda na kauce wa Maganar Allah. Na yi ta makiyayin da ya bar garke ya tafi neman tunkiya guda. Na yi ta ɗan da ya gudu ya dawo a yage, ubansa ya tarye shi a hanya. Wadda suka fi so ita ce ta matar da ta bi surukarta zuwa ƙasar da ba tata ba, mai amshin nan, ba ni komawa, Inna, ba ni komawa. Mata uku a turmi ɗaya, a cilla taɓarya sama, a tafa, a cafe, ana amsa mini. Gidajen da ba ka taɓa wuce zaurensu ba, ni har ƙuryar ɗaki na sani. Da dattawa suka zo daga gida suka ce na mai da abu mai tsarki waƙar lugude, kai ka tsaya mini, ka ce ƙofar da aka buɗe mana ke nan. Ban taɓa mantawa ba.

Yanzu kuwa unguwa shiru. Injin niƙa ya cinye daka, da safe sai dai ka ji ƙugi, yara na wucewa da robobi a ka. Fasto Gayus da zai gaje mu ya zo duba gida, yaro ne mai ladabi, yana da majigi da waƙoƙi cike da waya. Allah ya taimake shi. Da ya ga turmina sai ya tambaya ko in bar masa ya dasa fure a ciki. Kallonsa kawai na yi.

To, ga ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Amatullahi ta zo shekaranjiya a adaidaita sahu daga Kibiya. Ciki ya fito, Malam, 'yarmu ta zama babbar mace. Ta zauna a bakin gadonmu tana wasa da gefen mayafi, can ta ce idan lokacin goyon ciki ya yi, wajena take so ta zo, ni take so in yi mata wankan jego. Ka san al'adarsu, haihuwar fari a gida ake yi, uwa ce ke dafa ruwa ta yi wanka har arba'in. Ta ce ita a wajenta gida nan ne.

Na tsura mata ido. Sai na ga ranar da Bara'atu ta shigo da ita a saɓe, tana tafiya daɓas-daɓas, da ƙwaryar fura a hannu. Ga wani cikin ya shiga, ga uwarta da surukarta duk sun rasu, ba kakar da za a kai wa yaye. Ta dire mini ita ta juya ba ta ko waiwaya ba. Yarinyar nan ta yi kuka har muryarta ta dishe, na goya ta ina zagaye tsakar gida ina yi mata waƙar tunkiya. Yaye na 'yan kwanaki ya zama zama. Ka tuna Malam Isyaku ya kira ka zaure ya ce amana ce, 'yar Musulmi ce, ka ba shi hannu ka ce ka ji. Mun riƙe kuwa. Ni nake tashinta sahur, ni na ɗinka mata hijabin Islamiyya na fari. Mutanenmu sun yi ta gunaguni, wai ga rai a tafin hannunmu mun ƙi kawo shi. Allah ya sani na so, har yau kuma ina yi mata addu'a, amma ba a ba mu ita don mu yi sata ba.

Malam, ina so in yi mata wankan nan. Ban taɓa son wani abu haka ba tun da muka daina sa rai da namu. Haihuwar za ta faɗo wajen Nuwamba, daidai da sujadar godiya, ga gida kuma za a karɓa. Ban san yadda za a yi ba. Ka yi addu'a, ka rubuto mini, kada kuma ka ce in yi haƙuri tun ban gama faɗa ba.

Ka sha maganinka, ka rage gishiri.

Taka har kullum,
Rifkatu.


Unguwar Lado,
Watan Oktoba.

Maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri a cikin Ubangiji. Yaya jiki, yaya su Keziya da yara? Na sami takardarka ta hannun Nasir, na ga ka ce in yi abin da zuciyata ta natsu da shi, amma kujera biyu za a ajiye a gaban ekklisiya. Na gode. Sai dai ba sauran zaɓi, an riga an zaɓa mini. Ka gaya musu ina nan tafe.

Hajiya Fulera, uwar Lukman mijin Amatu, ita ta raba gardama. Ka santa, mai injinan niƙa a bakin kasuwar Kibiya, wadda in ta yi magana ko injin sai ya saurara. Da ɗanta ya kai mata zancen, sai ta ce jikanta na fari ba za a yi masa wanka a gidan fasto ba. Wannan ban ji zafinsa ba sosai, na saba, kuma in da ni ce a matsayinta wataƙila haka zan ce. Amma ba ta tsaya nan ba. Ta ce macen da ba ta taɓa durƙuson haihuwa ba, ina ta san zafin ruwan jego, za ta dai ƙona musu yarinya ko ta bar ta da ɗanyen jiki. Amatu ce ta faɗa mini tana kuka, don na matsa mata.

Malam, maganar nan ta shige ni. Na fita bayan ɗaki na tsaya a gindin lemun tsamin nan, inda ka binne mana abin da bai zo da rai ba, na yi kukan da na ɗauka na gama shi tuntuni. Abin haushin shi ne gaskiya ta faɗa. Na ga ana wankan jego ta ƙofar banɗaki, na ji ihun masu jego, na sha kunun kanwa a gidajen suna ba iyaka, amma hannuna bai taɓa riƙe ganyen ba. Wa zai kira juya ta koyi wanka? Ko da wasa ba wadda ta taɓa cewa in matso.

Ban haƙura ba, na zaga wajen Bara'atu. Na ce ita ce uwa, kalma ɗaya daga bakinta ta isa. Na tarar da ita tana ɓarar gyaɗa, na zauna na zayyana mata komai. Ka san me ta yi? Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce ita me ya haɗa ta da zancen waccan yarinyar, sai ta shiga tambayata ko akuyata ta haihu. Haba! Na san kunyar 'yar fari ce. Na san tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba, ko ranar aurenta ɗaki ta shige ta bar ni da 'yan biki. A da abin yana burge ni. Amma a ce yau ma, da ake yanka ni a gabanta, kunya ta fi ni? Na tashi na kakkaɓe zanena, ban yi mata sallama ba.

An kawo Amatu gidan ubanta makon jiya. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ina jin tarinta, ban shiga ba. Na aika mata da dafaffiyar kabewa irin wadda take so, kwanon ya dawo a wanke. Wataƙila dama ni na ɗauki kaina da nisa. Maƙwabciya ce ni mai kirki da aka ba riƙo, an gode, riƙo ya ƙare. Baƙuwa dai, kamar yadda ake kirana.

Na sayar da akuyoyi, na raba kaji, na ba matar Gayus tukwanen ƙasa. Nasir zai kawo babbar mota farkon wata. Zan zauna kusa da kai a kujerar da aka ajiye, in an tambaye mu abin da muka kawo daga ƙasar Rano bayan shekarun nan, sai mu nuna musu gado da kwanuka. Ka yafe mini wannan baƙar magana, raina ne a ɓace, ba kuma wanda zan gaya wa sai kai.

Ka sa Keziya ta share mini ɗakin baya.

Matarka,
Rifkatu.


Gidan Malam Isyaku,
Unguwar Lado.
Watan Nuwamba.

Malam nawa,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaishe ka da neman gafara. Yaya ƙarfin jiki? Na san Nasir ya iso da kaya babu ni, da ɗan saƙon baki da bai ƙoshar da kai ba. Ya ce ka zagaya motar har da leƙa ƙarƙashin katifa. Yi haƙuri, zauna ka ji yadda aka yi.

Ranar lodi da safe, an fito da komai, sai na ga babu turmina. Matar Gayus ta ce Bara'atu ce ta aiko tun da sassafe aka mirgina shi gidanta, wai aro. Aro! Matar da muka yi makonni ba ma ga maciji da juna, ba ta zo sallama ba, sai ta aiko a ɗauke mini turmi ranar tafiyata? Na ce wa Nasir ya ɗaure kaya, yanzu zan dawo. Na ɗaura ɗankwali na fita a fusace, ina shirya maganganun da zan gaya mata.

Tun daga zaure na ji abin da na yi shekaru ban ji ba. Lugude, Malam. Na shiga na tarar da tsakar gida cike da tsofaffin abokan dakana, wasu da sanda suka zo, wasu 'ya'yansu ne suka kawo su a babur daga Dawaki. Ga citta, ga kanumfari, ga masoro da barkono a faifai, kowa na atishawa. Dakan yajin mai jego suke yi, wanda har yau ba a yarda a kai inji ba, wai yana kashe ƙamshi. Na ce a raina, yaji tun ba a haihu ba? Ga turmina a tsakiya, Bara'atu na kansa, ta ci ɗamara kamar wata budurwa. Ba ta dube ni ba. Sai ta ɗaga murya da karin waƙata, ta matar da ta bi surukarta, amma kalmomin ba nawa ba ne:

Baƙuwa, ina za ki da rana tsaka?
Ni na ba da nono, ke kika ba da baya.
Bakina da nauyi, taɓarya ta faɗa miki,
Na share ɗaki, na tara itace,
Wadda ta yi yaye ita za ta yi wanka.

Matan nan suka amsa gaba ɗaya, ba ki komawa, Baƙuwa, ba ki komawa.

Na zauna daɓas a kan buhun dawa. Shekara da shekaru ina zuba musu a turmi abin da ba zan iya tsayawa in faɗa musu ido da ido ba, ashe tana koyon dabarar. Abin da kunya ta hana bakinta, ta ba taɓarya. Ta yi ta jero baitoci, har da na ranar da na watsa mata gero, mata na dariya, ni ina kuka, barkono kuma ya rufa mini asiri. Can wata ta miƙo mini taɓarya, na tashi na shiga. Hannuna bai manta ba, sai dai kafaɗa ta gaya mini shekaruna washegari. Amatu tana leƙe ta labulen ɗaki, ta toshe baki da mayafi.

Ashe duk kwanakin da nake fushi, Bara'atu ɗakinta take kwashewa, ta koma na ajiyar hatsi da tabarmarta. Malam Isyaku kuma ya aika Kibiya ya ce yarinya tana gidan ubanta kamar yadda aka nema, wanda zai yi mata wanka a cikin gidansa kuwa shi ya san wannan. Na fita na miƙa wa Gayus makulli, na ce wa Nasir ya ja mota. Ya ce turmin fa? Na ce aro ne, ba a dawo da shi ba tukuna.

Saura maganar Hajiya ta biyu, ta rashin iyawa. Wannan ma Bara'atu ta yi mata magani, yadda ba za ka taɓa zata ba. Washegari ta sa na hura wuta a ƙarƙashin ganga, ta yanko ganyen darbejiya, ta ja ni banɗaki. Ba ta ambaci kowa ba, cewa ta yi bayanta ke ciwo, a gasa mata. Ta tuɓe ta zauna a kujera 'yar tsugunno, tsohuwa da jikoki a wajen 'ya'yanta maza, ta ce in tsoma in fyaɗa. Na farko na yi a hankali, ta ce shafa mai ta ce in yi? Na ƙara, ta ƙwalla ihu ta ce kashe ta zan yi in gaji mijinta. Haka muke yi safe da yamma. Ta nuna mini yadda ake gwada ruwa da gwiwar hannu, inda ake dannawa, inda ba a taɓawa, yadda ake riƙe jariri a tafin hannu ɗaya, da goran duma muka gwada wannan. Bayanta duk ya yi ja. Jiya da na gama ta ce to, yanzu ciwon bayan ya warke.

Malam, ba zan zo sujadar godiya ba. Na san abin da nake yi maka. Tare muka fito, tare ya kamata mu tsaya, ga shi zan bar ka da kujera fayau a gefenka, mutane suna tambaya, kai ba ka ko jin tambayar sosai. Wannan yana cin raina. Amma in na taho yanzu, gangar jikina kawai za ka samu. Ka yafe mini, ka kuma yi wa 'yarmu addu'a, ƙafafunta sun soma nauyi.

Taka mai laifi, mai ƙaunarka,
Rifkatu.


Gidan Malam Isyaku.
Watan Disamba.

Zuwa ga Malam Habila, kakan yaro,

Alherin Ubangiji ya tabbata a gare ka. Ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan. Barka, Malam, barka da arziki! Amatu ta sauka lafiya a asibitin Rano, namiji, ƙato, mai yawan gashi. Ubansa ya yi masa kiran salla a kunne, ni kuma ina daga gefe ina tawa addu'ar a zuci. An raɗa masa suna Salahuddin. Ka yi haƙuri da jinkirin takarda, mai dafa ruwan jego ba ta da hannun biro.

Ranar wankan farko na shiga banɗaki da ganyen a hannu. Bara'atu ta tsaya a bayan ƙofa, wai tsintsiya take nema, ta daɗe tana nemanta kuwa. Da Amatu ta yi ƙara sai na tsaya. Yarinyar nan ta juyo ta ce in ci gaba, ai hannun da ya yi mata wanka tana ƙarama ne. Na ci gaba, hawaye na zuba a cikin ruwan. Kunun kanwa kuwa na rage masa kanwa kamar yadda ma'aikaciyar asibiti ta ja mini kunne, ruwan ma ba na barinsa ya wuce kima.

Kafin suna Hajiya Fulera ta iso da rakiyarta, daidai na sauke ruwan yamma. Ba ta gaishe ni ba sai da ta naɗe hannun riga ta tsoma gwiwar hannu a ciki. Ta shiga ta duba Amatu, ta duba cibiyar yaro, ta kurɓi kunu ta ce kanwa ta yi kaɗan. Na ce haka aka ce a asibiti. Ta taɓe baki ta tafi. Na kwana ina saƙe-saƙe.

Ranar suna gida ya cika maƙil. Ina zaune a ɗaki da yaron a cinyata, sai ga Hajiya ta shigo. Ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu, ta ce in ba ta mijinta, na ƙanƙame shi tun safe kamar ni kaɗai ya aura. Ta ce ita ce uwargida, ni in bi layi, kuma da ganin wannan angon rowa zai yi, ko kuɗin cefane bai ba mu ba. Ɗaki ya ɗauki shewa. Malam, ka san wasan nan. Kaka ce kaɗai ke kiran jikanta miji, kuma ba ta yin wannan faɗan sai da kaka 'yar'uwarta. Ba a yi da maƙwabciya. Na ƙara rungume yaron. Daga baya dai na samu na ce mata ango ya riga ya zaɓa, wadda ke yi masa wanka yake so. Ta ce za mu gani. Ta zauna kusa da ni muka ci tuwo a kwano ɗaya.

Takardar Keziya ta iso ran nan. Ta ce ranar sujadar godiya ka hana a ɗauke kujerata. Ta ce da aka ba ka dama ka yi magana, ka miƙe da sandarka ka ce a yi wa matarka uzuri, ba ta samu zuwa ba domin 'yarku ta fari ce za ta haihu. Ta ce tsofaffin da suka san tarihinmu suka yi ta duban juna, kai kuwa ka koma ka zauna abinka. Na karanta wurin nan har takardar ta yi laushi. Na karanta wa Bara'atu, ta ce ita ba ta san wace yarinya ake nufi ba, sai ta tashi wai hayaƙi ya shiga mata ido, alhali ba a hura wuta ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba, Bara'atu tana nan da sallarta, ni ina nan da sujadata. Ran Lahadi ita ke tashina kada in makara coci, in na dawo in tarar ta ɗora mini ruwa. Abin da Ubangiji zai yi da waƙoƙin da muka zuba a unguwar nan, shi ya sani, ni dai na ji su a bakin da ban zata ba. Da yamma in ina yi wa Salahuddin wanka, waƙar tunkiya nake yi masa, uwarsa tana amsawa daga kan gado.

Arba'in zai cika wajen Kirsimeti. Kada ka jira ni a can, kai ka zo. Malam Isyaku ya sa an yi wa ɗakin zaure sabon daɓe, kullum sai ya tambaya yaushe abokinsa zai iso, ya ce tsamiyarku ta yi kewar gardamarku. Nasir zai ɗauko ka a gaban mota, ka taho da maganinka da rigar sanyi. Ka zo ka ga wanda ya ƙwace maka mata. Daga nan sai mu koma tare, in ka ga dama, ko mu ƙara 'yan kwanaki.

Matan sun ce ranar da Amatu za ta koma ɗakinta za a yi dakan fura da hannu, ba za a kai inji ba, Hajiya ma ta ce za ta zo ta ga abin da ke rage mata ciniki. Na gaya wa Malam Isyaku ranar nan sai ka wuce zaure, ya ce ai kaka ba a yi masa shamaki. Na san kunnenka ba zai kama waƙar ba. Zan sa maka kujera dab da turmin, ka tuɓe takalmi ka ajiye tafin ƙafarka a ƙasa. Za ka ji mu.

Turmin kuwa kada ka nema masa wuri a Kaltungo. Na ba Amatu.

Sai ka iso. Allah ya kawo mini kai lafiya.

Matarka, kakar Salahuddin,
Rifkatu.